Rogona a Hannun Inna

A cikin duk abin da ya same ni tun da aiki ya kawo ni Riyad, akwai guda ɗaya da na san ko tsufa ya kwashe mini sauran, shi kam zai tsaya daram. A ɗakin wata likita ya faru, da hantsi, a unguwar Al-Badi'a. Wata 'yar magana ce mahaifiyata ta yi, ni kuma da bakina na mayar da ita Larabci.

Ni ɗan manomi ne, kuma har yau noman nake yi, sai dai nawa ya fi yawa a ɗakin gwaji da filin gwaji. Aikina fitar da sabon iri: in ɗauki shukar da ke da wani hali mai kyau, in haɗa ta da wata mai wani halin, in yi ta zaɓe a cikin 'ya'yansu har a dace. Kafin in bar gida na yi shekaru a wata cibiyar binciken noma, a sashen rogo. A lokacin wata cuta ta addabi rogon yankinmu. Ganye ya nannaɗe ya yi fari-fari, a tona a tarar da saiwa kamar yatsa. Ni da abokan aikina muka duƙufa har Allah ya ba mu wani iri da cutar ba ta kama shi, ga saurin nuna, ga yawan 'ya'ya. Damin itacensa na farko da ya shiga ƙauyenmu, ni na ɗaure shi a saman mota na kai wa mahaifina. Da aka tona a shekara ta gaba, mazan gari suka taru a gonar suna ɗaga saiwa sama suna jinjinawa. A nan take suka laƙaba masa suna Cika-mota, domin gona ɗaya takan cika motar 'yan sari. Ranar na ji kaina ya yi girma. Ban ma lura ba cewa a cikin duk taron nan babu mace ko ɗaya.

Bayan rasuwar mahaifina na samu aiki da wani kamfanin noma a nan Saudiyya, inda nake zaɓen irin dankalin Turawa da zai jure zafin ƙasar. Gonakin suna can nesa da gari, ni kuma ina zaune da iyalina a unguwar Al-Shifa a cikin Riyad. Inna ta ci gaba da zamanta a ƙauye, tana noma 'yar gayaunarta, tana kuma sana'ar da na tashi na gan ta da ita: ta dafa rogo ta barbaɗa masa garin ƙuli da yaji masu saye su zo har ƙofar gida, ragowar kuma ta yanka ta shanya ta yi alabo.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunana, ba ta kuma doguwar hira da ni. In na kira waya, gaisuwa ce da addu'a, sai ta miƙa wa ƙanwata. Daga bakin ƙanwar tawa na ji cewa hannun Inna ya lalace. Ta ce carbi kan zame mata ba ta sani ba, ɗaurin zane ma sai an taya ta. Na nema mata bizar ziyara, ta iso da sanyi. Ran da ta kwana a gidana, matata ta kawo mata shayi, na ga ta tallabi kofin da tafukanta biyu kamar mai ɗaukar ɗan tsako.

Ni na raka ta asibiti, domin Larabcina ya fi na matata. Likitar wata dattijuwa ce Balarabiya, mai magana a hankali. Ta ɗauki hannun Inna ta ɗora a kan nata, ta juya shi, ta danna gindin babban yatsa. Inna ta ɗan ja numfashi. Rabona da in kalli hannun mahaifiyata da kyau tun ina yaro. Gaɓoɓin sun kumbura, naman gindin babban yatsan ya zube, ga tabon wuƙa birjik, tsoho a kan tsoho.

Likitar ta dube ni ta ce, "Tambayi mama, wane aiki take yi da hannun nan?"

Na tambaya. Inna ta ce, "Ka ce mata aikin gida ne, sai ɗan ɓare rogo."

Na fassara. Sai da na nuna wa likitar hoton rogo a waya kafin ta gane abin da ake nufi. Ta ce tun yaushe ciwon ya fara.

Inna ta yi ɗan tunani ta ce, "Da can ba ya yi. Tun da aka sake mana rogo ne ya fara taɓa ni."

Na tsaya. Na ɗauka ban ji daidai ba ne. Likitar tana jira, don haka na mayar mata da maganar kamar yadda aka faɗa. Ta ce mene ne bambancin na da da na yanzu. Inna, wadda ba ta san inda tambayar za ta kai mu ba, ta ɗaga hannuwanta tana kwatantawa a iska.

"Na da, tsaga ɗaya za ki yi masa, ki sa yatsa, ɓawon ya taho gaba ɗaya. Na yanzu kuwa ɓawon manne yake. Sai an fere shi kamar doya, ana dannawa da ƙarfi. Ga shi da lanƙwasa, wuƙa ba ta tafiya miƙe."

Na fassara. Likitar ta girgiza kai, ta yi tambayar da ba ta cikin aikinta, irin ta mai jin tausayi kawai. Ta ce, "To wa ya kawo musu wannan, ya raba su da mai sauƙin?"

Na juya wajen Inna da tambayar. Na yi tunanin in canza ta, in ce likita na tambaya ko tana shan magani. Amma na faɗa mata yadda take. Inna ta kawar da kai, ta kafa wa labulen taga ido.

Ta ce, "Wasu yara ne masu ilimi daga birni. Da kyakkyawar niyya suka kawo."

Na mayar da shi Larabci kalma bayan kalma: wasu yara masu ilimi, daga birni, da kyakkyawar niyya. Sannan na ƙara abin da ba ta ce ba. Na ce, "Ni ne, ya duktura. Ni na fitar da irin, ni na kai musu."

Likitar ta dube ni, ta dubi Inna, ta sunkuyar da kai kan takardarta. Can ta ce shekaru ma suna da nasu rabon a ciwon, ba za a ɗora wa abu ɗaya duka laifin ba. Na san gaskiya ta faɗa, na kuma san lallashina take yi. Ta bayyana cewa wata jijiya ce ta matse a wuyan hannun dama, za a yi ƙaramin aiki a sake ta, jin yatsun zai dawo insha Allahu. Gaɓar babban yatsan kuwa ta riga ta cinye, sai dai lallaɓawa.

Muka shiga mota, muka hau babban titi. Inna tana baya, tana kallon gine-gine. Ba ta jin Larabci in ban da na salla, amma sai na ji ta ce, "Ka faɗa mata ke nan."

Na ce, "Na faɗa, Inna."

Ta ce, "Da ka bari. Ina ruwan baƙuwa da maganar cikin gida."

Na samu gefen wani masallaci na tsayar da motar, domin idona ya cika, ba na ganin hanya sosai. Ban juya ba, kunya ba za ta bar ni ba. Ina kallon sitiyari na ce, "Shekara nawa, Inna? Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

Ta ce, "Ka tambaya ne?" Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ƙara da cewa, "Kuma ko ka tambaya, me zan ce? Ranar da ka kawo damin nan mahaifinka kasa cin abinci ya yi don murna. Duk wanda ya shigo sai ya ce masa, yaron nan ne ya yi. Ni ce zan buɗe baki in ce abin ɗana da wahala?"

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na bi ta wani kantin Indiyawa, domin su ma suna cin rogo, na sayo cikin leda. Na shimfiɗa tabarma a kicin, na kawo roba da wuƙa, na roƙi Inna ta zauna ta koya mini. Matata ta leƙo ta ga abin da nake shiryawa, ta janye yara zuwa falo ta ja mana ƙofa. Ina jin kunyar faɗa, amma gaskiya ce: na auna rogo a sikeli ba iyaka, na yanka shi na duba a madubin gwaji, na rubuta takardu a kansa, amma ban taɓa zama na ɓare cikin roba guda ba.

Inna ta sa na karya guda. Ta karɓa ta shinshina, ta kankare gefen da farce. Ta ce, "Wannan mai ladabi ne. Tsaga shi a tsaye." Na tsaga, na sa yatsa, ɓawon ya taho kamar ana cire safa. Ta ce, "To haka namu na da yake. Tuɓe-riga muke ce masa. Kakarka ce ta zo da shi daga garinsu. Yanzu ɗauki wani, kada ka tsaga. Fere shi, ka danna sosai kamar ɓawon ya ƙi. Haka naka yake."

Na fere ɗaya, na fere biyu. A na shida gindin yatsana ya ɗauki zafi, wuƙar ta goce ta ɗan yanke ni. Ta kalli jinin, ta kalli fuskata, wannan ne karo na farko da na tuna ta dube ni kai tsaye haka. Ta ce, "Shida ke nan. Ni roba uku nake yi kafin azahar."

Daga nan bakinta ya buɗe. Ina jin baƙon wuri ne ya sa, babu maƙwabta, babu dangi, babu wanda zai ce ta yi rashin kara. Ta ce Cika-mota yana cin itace, sai an yi ta iza wuta, wani lokacin ma a sauke a tarar cikinsa bai yi gari ba, masu saye su ɗanɗana su ajiye. Ta ce tuɓe-riga kan zauna a ƙasa ya jira ka, yau ka tono gindi biyu, jibi ka tono uku, har rani ya wuce. Nawa kuwa da ya nuna sai a tone shi gaba ɗaya, in ba haka ba ya zama itace. Wannan ya yi wa maza daidai tun da mota ce za ta kwashe, amma mace mai tukunya ɗaya ina za ta kai gona guda a rana ɗaya? Sannan rassansa a ƙasa-ƙasa suke bazuwa su rufe kunya, kuɓewa da yakuwar da mata ke sakawa a tsakani duk inuwa ta kashe su. Ni kuwa wannan rufe ƙasar har yabonsa na yi a rubuce, na ce yana hana ciyawa.

Na ce, "Su sauran matan fa? Su ma ba su ce komai ba?"

Ta yi 'yar dariya ta rufe baki da gefen mayafi. "Suna da sunan da suke kiransa. In na shigo sai su yi shiru."

Sai da na yi ta roƙo kafin ta faɗa. Gama-wuƙa. Shekara da shekaru rogona yana da suna biyu a garin da aka haife ni, ni kuwa guda ɗaya kawai na sani a cikinsu.

A nan na tuna wata ƙaramar ma'aikaciya da muka yi aiki tare a cibiyar. Ana dab da fitar da irin, ta ɗaga hannu a taro ta ce me zai hana a dafa, a kuma kai wa matan ƙauye su ɓare su faɗi ra'ayinsu. Ni na amsa mata. Na ce mu masana ne, ba masu sayar da abinci ba. Aka yi dariya, ta sauke hannunta. Na manta da maganar sarai, sai a kan tabarmar nan ta dawo mini da nauyinta.

Na nemo lambarta na kira ta washegari. Ashe yanzu ita ke riƙe da sashen. Na ba ta labari, na nemi gafararta. Ta ce, "Malam, ya wuce. Ai mun daɗe da gyarawa. Yanzu ba ma fitar da iri sai mata sun zo da wuƙaƙensu da tukwanensu, a ranar da ba ta kasuwa ba, kuma mata ne ke yi musu tambaya, don in namiji ne kowa sai ta ce madalla." Na ji daɗi, na kuma ji ƙanƙanta, domin gyaran bai jira ni ba. Sai ta ce abu ɗaya ya gagare su. Duk inda suka je a yankin tsofaffi na ambaton wani rogo mai sauƙin ɓawo, sun neme shi sun rasa, sabon iri ya kore shi.

Na rufe wayar da tafin hannu na tambayi Inna. Ta ce, "Nawa kam ya ƙare tun tuni. Amma akwai wata tsohuwa a bayan gidanmu, taurin kai gare ta. Ta ɓoye 'yan gindi a jikin dangarta, ko 'ya'yanta ba ta bari su taɓa."

Aka haɗa Inna da tsohuwar a waya ta hannun ƙanwata. Ina zaune ina jin muryar tsohuwar tana tashi daga can ƙauye zuwa falona a Al-Shifa. Bayan doguwar gaisuwa, da tambayar ko Inna ta je Makka tukuna, aka zo kan magana. Tsohuwar ta ce, "Shi ɗan naki ne ke so? Ba dai zai kai shi makaranta ya koya masa taurin ɓawo ba?" Inna ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Ya tuba, Yaya. A gabana ya yanke yatsa." Tsohuwar ta ce to ta yarda ta ba da sanda biyar, amma mace za a aiko ta karɓa. Haka kuwa aka yi.

An yi wa Inna aikin hannu lafiya. Makonnin da take ɗaure da bandeji matata ce ke mata komai, amma man da likita ta ce a riƙa shafa wa yatsun, ni na karɓi wannan. Da farko ta ƙi, ta ce ba ta saba ba. Na ce umarnin likita ne. Kullum in na dawo aiki da la'asar sai in zauna a ƙasa kusa da kujerarta, ta miƙo hannun tana kallon wani wajen, ina murza yatsun ɗaya bayan ɗaya. Wata rana ina murzawa ta ce, "Na ji wannan." Ɗan manuninta ne, jinsa ya fara dawowa.

Da hannun ya warke na kai ta Umra, sannan lokacin bizarta ya ƙare. Ana gobe za ta tafi, tana shirya kaya, na tsaya a bakin ƙofa na ce ina roƙon alfarma: in ta koma ta sa a tuge rogona daga gayaunarta, kada ta ƙara shuka shi.

Ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce, "Kai ma kada ka yi rashin adalci. Shekarar da cuta ta cinye na kowa, wa ya ciyar da garin? Da ba don shi ba da an sha wuya. Yana da halinsa na kirki, tuɓe-riga ma tana da nata, ita ciwo ne ke kayar da ita. Ba na ji an ce aikinka ɗaura wa shuka aure ba? To ka haɗa su mana, ko Allah zai sa 'ya'yan su ɗauko ƙarfin uban da ladabin uwar."

Na yi shekaru ina koyar da wannan aikin, ban taɓa jin wanda ya faɗe shi a taƙaice haka ba.

An haɗa su. Rogo ba ya gaggawa, har yanzu 'ya'yan suna filin gwaji ana tacewa, kuma ban sani ba ko Inna za ta ga ranar da za a fitar da na ƙarshe. Amma duk sa'ad da aka kai samfuri ƙauyenmu, tana cikin matan da ake kira. Ba ta iya riƙe wuƙa da daɗewa, sai ta zauna a gefe, a miƙo mata dafaffe ta murƙushe da yatsa biyu ta faɗi hukuncinta. An ce mini ba ta sassautawa ko kaɗan. Ni ma a nan Riyad na canza. Kafin in ce wani dankali ya yi, sai na kai shi gidajen abokan aiki da wurin masu dafa wa leburori abinci a unguwar Al-Sulay, in tsaya in ga yadda yake a hannun mai ferewa.

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, amfanin gona ba a bakin gona yake ƙarewa ba. Bayan wanda ya shuka ya sayar, akwai wadda za ta ɓare, ta hura wuta, ta ciyar, kuma sau da yawa ba a kiranta taro. In ka ga ba ta yi ƙorafi ba, kada ka ɗauka ta gamsu. Wataƙila kara ce, wataƙila ƙauna ce, domin wanda ya fi sonka shi ne na ƙarshe da zai gaya maka cewa alherinka yana masa ciwo. Irin wannan mutumin ba a jiran ya yi magana. Zuwa ake yi a zauna a ƙasa kusa da shi, a karɓi wuƙar, a tambaya.